Sunan da Ke Kan Takardar Balkisu

A wani biki da aka yi a Janbako bara, wata mata da ban ko san sunanta ba ta karkata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa Balkisu ba ɗiyar Malam Garba ba ce, ai ga shi ko a wurin aiki sunan wani take amsawa. Ta ɗauka kunnena ya tsufa. Kunnena bai tsufa ba, gwiwata ce ta tsufa, ita ce kuma ta hana ni miƙewa in shaƙe ta da mayafinta. Na dawo gida ban ci tuwon bikin ba. To ku 'ya'yana da jikokina, ga maganar daga bakin mai ita. Balkisu ɗiyata ce ta fari, kun kuma san ban taɓa kama sunanta a gabanku ba, "yayarku" nake cewa. A rubutun nan na ajiye wannan kunyar a gefe, don maganar duka ta suna ce.

Kakanku Mamman marini ne. Yana saurayi ya taso daga Gangara, wani ƙauye can gaba da Bakura in ka doshi Sakkwato, ya zo Mafara cin kasuwar Talata, ya ga akwai aiki, ya zauna. Nan ya yi aure, nan aka haifi ubanku, nan aka binne shi. Amma kun san halinmu, baƙo ba ya rabuwa da sunan garinsu ko ya shekara hamsin. Har ya koma ga Allah, Mamman Gangara ake ce masa. Ranar da ubanku ya kai Balkisu firamare, hedimasta ya ce suna uku ake rubutawa. Ubanku bai yi dogon tunani ba ya ce a sa Balkisu Garba Gangara, don kar sunan tsohonsa ya ɓace. Ya dawo yana ba ni labari yana murmushi kamar wanda ya gina masallaci. A lokacin, Gangara da Bakura da Mafara da Maradun duk jiha ɗaya ce. Da aka zo aka yanke mana tamu jihar daga Sakkwato, wallahi ni na fi kowa guɗa a unguwarmu, sai da muryata ta dishe kwana uku. Na soya ƙuli na raba kyauta. Babu wanda ya ce mini an ja layi tsakanin Bakura da Gangara, balle ya ce mini layin nan ta tsakar gidana ya bi.

Bayan 'yan shekaru Balkisu ta gama sakandare, ta zauna jarrabawar shiga makarantar koyon jinya ta gwamnatin tarayya, ta ci. Takarda ta zo cewa an ba ta ɗaya daga cikin guraben da aka ware wa jiharmu, sai dai ta kawo takardar shaidar asali cikin mako biyu, in ba haka ba a ba wata. Lokacin noman rani ne, ubanku kullum yana fadama yana gyaran injin ban-ruwa, don haka ni na ɗauki mayafi na raka ta sakatariyar ƙaramar hukuma. A zatona aikin awa ɗaya ne in dawo in ɗora gyaɗata. Akawun da muka tarar mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya gaishe ni har da tambayar gajiya, ya karɓi takardun, ya karanta, sai ya ɗago.

"Inna, ina Gangara take?"

"Ga ta can bayan Bakura. Mi yas same ta?"

"Ai can Sakkwato ce yanzu."

"Tau, sai mi? Yarinyar ga a Mafara anka yanke mata cibi. Ubanta ma haka."

"Ban musa ba, Inna. Amma gurbin ga na ɗiyan jiharmu ne, ita ko sunanta da kansa ya nuna asalin ubanta can ne."

"Ni fa? Ni ɗiyar Bakura ce uwa da uba. Kakana yana da gona a can tun ba a haifi uban wanda yag gina ofis ɗin ga ba."

"Ke uwa ce, Inna. Haka muka taras ana yi, takarda uba take bi."

Ban taɓa jin cewa mutum zai iya zama baƙo a ɗakin da aka haife shi ba. Balkisu ta ja mini gefen mayafi ta ce mu tafi, ni kuwa a raina na ce wannan ƙaramin alhaki ne, sama zan hau. Ku fahimce ni, ni abin da na sani game da mulki tsani ne. Mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki. In na ƙasa ya ƙi ka, ka ɗauki goronka ka je ga na samansa, shi kuma ya aiko da magana ɗaya a yi. Haka uwata ta yi da aka ci mata iyakar gona, haka na ga ana yi tun ina goye. Na ɗauka gwamnati ma haka take: ciyaman yaron gwamna ne, gwamna yaron shugaban ƙasa ne. Kuma tunda makarantar ta tarayya ce, sai na nemi mutumin tarayya mafi girma da ƙafata za ta iya kai ni wurinsa. Akwai wani injiniya, mutumin kudu, da ke kula da rabon ruwan madatsa ta wajen Maradun, ubanku yana yi musu gyara. Na cika galan da man gyaɗa mai kyau, na hau mota na same shi. Ya daɗe a ƙasarmu, yana jin Hausa. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce:

"Mama, ni ruwa nake rabawa. Takardar nan ba ta hannuna."

"Ba kai ne na tarayya ba? Aika musu su yi. Ai kai ag gaba da su."

"Ba na gaba da su. Aikina daban, nasu daban. Ko shugaban ƙasa ya zo da kansa, ba shi zai ce wane ɗan Mafara ne ba. Wannan na ƙaramar hukuma ne da jiha."

"Shugaban ƙasa? Mai soja da 'yan sanda?"

"Shi fa."

"Tau makarantar ta wa ce?"

"Tasa ce. Amma wanda zai zauna a gurbin jiharku, jiharku ce za ta shaida shi."

Na ce innalillahi. Wato akwai ƙofar da mai ƙasa duka ba shi da mabuɗinta, akawu mai biro a aljihu yana da shi. Na fito na manta da galan ɗina, sai da ya biyo ni da shi har bakin hanya. A mota ina ta juya abin, na kasa gane wane irin gida ne wannan da maigida ba ya iya cewa a buɗe ɗaki.

Da ubanku ya ji, ya ce abin mai sauƙi ne, tunda sun ce mu 'yan Gangara ne, mu je Gangara su ba mu tasu, ko a gurbin Sakkwato a sa ta. Ya ajiye aiki ya sa babbar rigarsa, muka tafi mu uku. Shi kansa sau biyu ya taɓa zuwa garin, yana yaro. Muka sami dagaci a zaure, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo ruwa da fura. Ubanku ya faɗi sunan tsohonsa yana jiran a ce Allahu akbar, ɗan wane ne. Ba wanda ya gane sunan. Aka aika aka kira wani tsoho da ya fi kowa shekaru, ya ce ya tuna an yi wasu marina a bayan kasuwa, amma gidan ya rushe tun tuni, gero ake shukawa a wurin. Dagaci ya ce shi ba zai shaidi wanda bai sani ba, kuma gaskiyarsa ce. Ya ce ku da aka haife ku a Mafara, ai ku 'yan Mafara ne. Muka kamo hanyar gida. Ni kuwa ina lissafi, can sun ce mu na nan ne, nan sun ce mu na can ne, ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, ɗiyata ba ta da gari. Saura kwana biyar.

Kawunku Sani, wana da muke ciki ɗaya, shi ya kawo shawarar. Ya zo daga Bakura ranar Talata ya sayar da albasarsa, ya biyo ta gidanmu da azahar, ya tarar da Balkisu ta haɗa kai da gwiwa a bakin murhu. Da ya ji zancen sai ya yi dariya.

"Ke Kulu, duk bakin naki nan yat tsaya? Ai ɗiyata ce. A rubuta ta Balkisu Sani Bakura, a yi takardar rantsuwa, wa zai ce bai san gidanmu ba?"

Ubanku yana zaune a kan tabarma yana wanke hannu da kananzir. Bai ɗago ba ya ce:

"Sani, ragon sunanta ni na yanka."

"Wa yac ce ba kai ba ne, Malam? Takarda ce kawai. Takarda tana haihuwa?"

"Ba ta haihuwa. Amma kai ma ka san abin da addini yac ce ga wanda ya jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba."

Ni ce na shiga. Kun san bakina, a lokacin ya fi haka kaifi. Na ce masa mata nawa muka binne a unguwar nan wajen haihuwa don babu mace mai duba su? Na ce ƙanwata ma haka ta tafi. Na ce yarinya ta yi karatu da fitilar kwai shekara shida, ta ci abinta da hannunta, sai a hana ta don wani gida da ya zama gonar gero? Sannan na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji ɗaci a harshena. Na ce ai kai ka ja mana, da ka sa mata sunan garin da ko karensa bai san ka ba. Ya goge hannunsa a hankali, ya dube ni, ya ce:

"Kulu, ba ni hana ki. Amma yatsana ba ya taɓa takardar ga."

Ba wanda ya tambayi Balkisu. Washegari na bi kawunku muka je inda ake rantsuwa. Aka rubuta abin da aka rubuta da Turanci, aka karanto mini a gurguje, aka kama babban yatsana aka dangwala a tawada aka danna. Ko minti biyar ba a yi ba. Cikin kwana biyu takardar asali ta fito, Balkisu ta tafi makaranta da akwatin ƙarfe da garin kunu. Tawadar nan kwana uku ina goge ta da toka ba ta fita ba.

Ubanku bai sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. In ta zo hutu shi ke zuwa tasha ya ɗauko mata kaya a kekensa. Ranar da ta gama ta kawo takardar shaidarta a cikin leda, ta durƙusa ta miƙa masa. Shi yana karanta ajami, ba ya karanta boko, sai ya ce ta karanta masa. Ta karanta sunan makaranta, ta karanta abin da ta ci, ta tsallake sunan. Ya ce ba ki karanta na sama ba. Ta fashe da kuka. Ya ce Allah shi yi albarka, ya miƙa mata, ya tashi ya tafi masallaci alhali ko kiran la'asar ba a yi ba. A makon nan na je na rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci, ina da jika a lokacin. Na yi wa kaina alkawari ba za a ƙara kama yatsana a danna a kan abin da idona bai karanta ba.

Malamarmu Malama Rifkatu ce, Kirista, mutuniyar Zuru, mijinta ma'aikacin asibiti ne, sun fi shekara ashirin a Mafara. Mata suna ce mini shugabar surutu, ita kuwa tana cewa Inna Kulu tambayarki ta fi ta 'yan jarida. A shekara ta biyu, da muka iya haɗa baƙi, ta fara koya mana yadda ake mulkin ƙasa. A nan na fara jin ma'anar kalmar da na yi shekaru ina ji a rediyo. Ta ce tarayya ita ce jihohi da yawa su yarda su zama ƙasa ɗaya, amma ba su miƙa komai nasu ga na tsakiya ba. An zauna an raba aiki an rubuta. Soja da kuɗin da muke kashewa da hulɗa da ƙasashen waje na gwamnatin tsakiya ne. Jiha tana da nata, tana da majalisarta mai yi mata doka, ƙaramar hukuma tana da kasuwa da irinsu. Akwai kuma abin da suke yi tare, kamar makarantu. Gwamna ba shugaban ƙasa ya naɗa shi ba, mu muka zaɓe shi, don haka ba zai kore shi kamar yaron shago ba. Na ɗaga hannu na ce:

"Malama, wannan ai gandu ne. 'Yan'uwa suna noma babbar gona tare, rumbu ɗaya, amma kowa da gayaunarsa, ko maigida ba ya shiga ya yanke maka dawa."

"Kin kusa, Inna Kulu. Sai dai a gandu uba ne ya ba ka gayaunar, in ya ga dama ya karɓe. A nan littafi ne ya ba kowa nasa, kuma littafin ya fi su duka."

"Tau mi yas sa ake raba gurbin makaranta jiha jiha? Ba wanda yac ci ya shiga ba?"

Ta ce an yi haka ne don kada waɗanda suka riga mu shiga boko su cinye komai, mu mu tashi a tutar babu. Na ga gaskiyar abin. Ba don wannan rabon ba, wataƙila da Balkisu ba ta ga ƙofar makarantar ba ma. Abin da ya buɗe mata ƙofa shi ya nemi ya rufe ta waje. Malama ta ce nata 'ya'yan ma a Mafara ta haife su, Hausar Mafara ce a bakinsu, amma in ana neman takarda sai sun tafi garin da ba su san hanyarsa ba. Da aka tashi na tsaya na ba ta labarina duka, abin da ban taɓa gaya wa kowa a waje ba. Ta tambaye ni sau biyu, ke 'yar Bakura ce uwa da uba? Na ce har kakanni. Washegari ta zo da littafin tsarin mulki a jakarta, ta zaunar da ni bayan mata sun watse, ta buɗe can wajen ƙarshe, ta ɗora yatsana a kan layin, tana karantawa tana fassara mini. Abin da ke wurin shi ne, mutum ɗan jiha ne in ɗaya daga cikin iyayensa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ɗan asalin jihar ne. Ɗaya daga cikin iyaye. Ba a ce uba ba.

Na ce ta sake. Ta sake. Wato ranar da na tsaya a gaban akawu na ce ni ɗiyar Bakura ce, a kan gaskiyata nake, littafin da ya fi gwamna ya fi shugaban ƙasa yana bayana, ni ban sani ba, shi ma mai biron ina jin bai sani ba. Ba na ce da sun miƙo mini takardar a faranti ba. Malama ma ta ce a ofisoshi al'ada ta fi littafi ƙarfi, sai an ja. To ja kuma wa ya fi ni? Da na san da layin nan, da a bakin ofishin zan shimfiɗa tabarma har sai sun gaji da ganina. Na hau sama neman wanda zai ba da umarni, na tafi Gangara neman wanda zai tuna, na ƙare da rantsuwar ƙarya, alhali abin da ake nema ni ce, ina tsaye a wurin da mayafina.

Na iso gida na tarar da ubanku a zaure yana kwance wani inji. Ban ko ajiye allona da littafina ba na durƙusa, abin da na daɗe ban yi ba, na gaya masa. Ya ajiye sifana. Sai ya yi 'yar dariya.

"Ashe ke am mai garin, Kulu. Ni ab baƙo a gidana."

"Malam, ba abin dariya ba ne. Gobe in tahi in warware rantsuwar, a mai da mata sunanka."

"In kin warware, mi za ya samu aikinta?"

Na riga na tambayi Malama wannan, na san amsar. Duk takardunta da sunan aikinta a kan rantsuwar nan suke tsaye. In na je na ce ƙarya na yi, ita za a fara kora. Na gaya masa haka. Ya ce mata nawa ta karɓi haihuwarsu a watan nan? Na ce ban ƙirga ba, kullum dai ana buga mata ƙofa. Ya ɗauki sifanarsa.

"Tau a bar ta. Na yahe miki, na yahe wa Sani. Amma tunda kin iya rubutu yanzu, ki rubuta ma ɗiyanmu yadda anka yi, kada wata rana a zage ki a kan abin da ba ki yi ba, a bar wanda kinka yi."

Ya rasu ban rubuta ba, ina ta cewa sai hannuna ya ƙara faɗawa. Kawunku ma ya bi shi. Yanzu ga shi na rubuta. Balkisu ɗiyar Garba ce, ɗan Mamman marini, jininsa ce halak malak, duk wanda ya ce ba haka ba ku turo mini shi tun ina da rai. Sunan da ke kan takardarta kuwa, ubanku bai sa hannu ba, ita ba a tambaye ta ba. In an zo tambaya gobe kiyama, yatsan nawa ne.